Darasin Wannan Wata: Sa'ad da Tsohuwar Tarakta Ta Fara Kuka a Giya

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa ba su da ƙarfin sayen sabuwar tarakta. Waɗanda muke da su tsofaffi ne, sun bi ta hannu biyu ko uku kafin su iso gare mu. Tsohuwar tarakta kuwa ba ta rasa ƙara. Amma ran da direba ya zo ya gaya wa kwamiti giya tana kuka, sai hankalin kowa ya tashi, gama kowa ya san gyaran giya ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Daga nan akan yi ɗayan biyu. Ko a yi kunnen ƙashi, a ci gaba da aiki har ta tsaya a tsakiyar gonar wani cikin watan Yuni, ko kuwa a kira bakanike ya raba tarakta biyu tun ba a san inda ciwon yake ba. Duka biyu hasara ce.

A wannan darasi muna so mu nuna yadda mutum biyu ko uku za su iya bin sawun kukan har su gane inda yake fitowa, ba tare da sun kwance ko noti ɗaya na giyabos ba. Dabarar guda ce: a tsai da sassan tarakta ɗaya bayan ɗaya, ana saurare. Sashen da aka tsayar kukan ya ɗauke, a nan ciwon yake.

Za mu ɗauki Massey Ferguson 135 ta zama misalinmu. An yi ta ƙera ta daga 1964 zuwa 1979, mafi yawa a birnin Kobantiri na ƙasar Ingila, wato ƙaramar cikinsu ma ta haura shekara 40. Injinta na Perkins ne mai silinda uku, mai shan gas, ƙarfinsa wajen doki 45. Yawancinsu giya shida gare su ta gaba, biyu ta ribas. Mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafi yayarta 35 da ƙanwarta 240, gama gininsu kusan ɗaya ne.

Hanyar da ƙarfi yake bi

Ƙarfi yana tashi daga inji ya shiga kuloci. Daga kuloci sai giyabos, inda doguwar sandar giya take zaɓen ta ɗaya, ta biyu, ta uku ko ribas. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin gidan giya wanda gajeruwar sanda take aiki da shi. Ita ce mai zaɓen gudu ko ƙarfi, tsakiyarta kuma firi ne, inda aka rubuta S, wurin da tilas a sa ta kafin inji ya yarda ya tashi. Daga nan ƙarfi ya wuce zuwa aksil na baya. A can wata ƙaramar giya take juya wani babban faranti mai haƙora, farantin kuma ya raba ƙarfin ga tayoyi biyu.

Akwai hanya ta biyu, ita ce mutane sukan manta. Kulocin yawancin 135 hawa biyu ne. In ka taka shi rabi, tafiya ta tsaya, amma famfon ɗaga garma da sandar baya mai juya injin sussuka, wadda kanikawa ke kira fitiyo, suna nan suna samun ƙarfi. Sai ka taka shi har ƙasa su ma za su tsaya. Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne zai yi mana aikin likita.

Ku san kuma haƙoran giyar wannan tarakta miƙaƙƙu ne, ba karkatattu irin na mota ba. Irin waɗannan haƙora ba su aiki shiru. Siririn kukan nan mai tashi da sauka tare da totur, wanda direba ya saba ji shekara da shekaru, ba ciwo ba ne. Sabuwar ƙara muke nema, ko tsohuwa wadda ta canza murya.

A fara da abin da yake waje

Sau da yawa giya ba ta da laifi. Ƙarfe yana kai ƙara nesa, har abin da yake kaɗawa a gaba a ji shi kamar a ƙarƙashin kujera. A zagaya tarakta da sufana, inji a kashe. A taɓa notin tayoyin baya ɗaya ɗaya, da waɗanda suka haɗa rim da faranti. A girgiza salansa, da matakin ƙafa, da murfin inji, da sarƙoƙin hannuwan garma. A duba fanbel. Notin taya da ya saki yakan yi ƙwas-ƙwas daidai da karyayyen haƙori, kuma za a ga jan garin tsatsa kewaye da shi. Gyaransa bai kai minti goma ba.

Sa'an nan mai. A wannan tarakta giyabos da aksil da famfon ɗaga garma duk mai ɗaya suke sha, wajen lita 30. Sandar awonsa tana gefen dama, ƙasa da kujera. A auna a wuri mai daidai, garma a ƙasa. In mai ya yi ƙasa, boris na sama ne suke fara jin ƙishi, su ne kuma suke fara kuka. In kun ga ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Ƙofar ruwan kuwa sananniya ce: robar da take rufe gindin sandunan giya. Rana takan cinye ta, ta tsage, tarakta kuma ta kwana a gindin mangwaro dukan damina, ruwan sama yana bin sanda yana gangarawa ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Robar nan ba ta da tsada, amma ruwan da ta bari ya wuce yana sa boris tsatsa, boris mai tsatsa kuma ba ya komawa daidai ko an canza mai.

In kukan sabo ne, muna ba da shawara a tsiyaye man duka, ko da lokacinsa bai yi ba. A yi haka bayan tarakta ta yi aiki, mai yana da ɗumi. Wurin tsiyaya biyu ne, ɗaya na giyabos, ɗaya na aksil, a buɗe duka. A ɗaura farin ƙyalle mai tsabta a bakin bokiti a tace. Filogin tsiyaya na da yawansu yana da maganaɗisu a baki. In naku ba shi da shi, a samo maganaɗisun tsohuwar rediyo a ja shi cikin gindin bokitin. Yanzu sai a duba abin da aka kama, a fili cikin hasken rana.

Baƙin laushi kamar kwalli, wanda in ka murza a yatsa ba ka jin tsakuwa, cin yau da kullum ne, kowace tsohuwar tarakta tana da shi. Ɓarɓashi mai ƙyalli, fale-fale kamar ɓawon kifi, fatar boris ce take ɓarewa. Gutsure mai kauri kamar ƙwayar dawa ko masara, mai gefe ɗaya sumul ɗaya kuma a karye, haƙori ne. Garin rawaya mai kama da zinariya tagulla ce, daga wasu zobba da matasai da ke cikin famfo da giya. Shi maganaɗisu ba ya kama shi, sai a kan ƙyalle za a gan shi. Kada a zubar da komai. A zuba a gwangwani a ajiye wa bakanike, a kuma lura daga wane filogi ya fito.

In man yana da kyau, ana iya tace shi a mayar. In sabo za a zuba, a nemi man da aka yi domin giya da famfon tarakta tare, wanda akan rubuta UTTO ko STOU a jikin jarkarsa. Kada ku yarda da mai cewa a zuba man giya mai kauri irin na aksil ɗin babbar mota domin kuka ya yi shiru. Zai rage ƙarar, gaskiya ne, amma famfo zai sha wuya wajen jansa da safe, wasu irinsa kuma suna da sinadarin da ke cin tagulla. Masu sayar da tsohuwar tarakta sun san wannan dabara. Ƙungiyar da za ta saya, ta zaro sandar awo ta duba kafin ta saurari inji.

Gwaji a tsaye

A kai tarakta fili mai daidai, nesa da bango, gama bango yana mai da ƙara. A kulle birki, a sa manyan duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. A kori yara. Direba ya zauna a kujera, kada ya sauka muddin inji yana aiki. Ba a ta da tarakta ana tsaye a ƙasa. Sandunan giya biyu su kasance a firi, sandar fitiyo ma haka.

A ta da inji, a bar shi a hankali, ƙafa ba ta kan kuloci. A saurara. Sa'an nan direba ya ɗora ƙafa a hankali, har ya ji kuloci ya fara tauri. In a nan ne wani shuu ko ƙiii ya tashi, ya kuma ɓace da ɗauke ƙafa, boris ɗin da ke tura kuloci ne. Abin da yakan kashe shi direba ne mai ajiye ƙafa a kan kuloci yana huɗa, ko kuwa kuloci da aka ɗaure ba a bar masa sarari ba. Ya kamata feda ta yi wasa kamar santimita ɗaya a wurin da take tokarewa kafin ta fara aiki.

Yanzu ya taka rabi, zuwa hawa na fari. In ƙarar da ake ji ta mutu a hankali, daga gaban giyabos take, wato boris na sandar da ke shigo da ƙarfi ko na sandar ƙasa. In tana nan, ya taka har ƙasa. Ta ɗauke a nan? To, giyar tafiya ba ruwanta. Laifin yana wajen famfon ɗaga garma ko hanyar fitiyo. In kuwa an taka har ƙasa ba abin da ya canza, a koma wajen inji, gama duk abin da ke bayan kuloci ya riga ya tsaya. Akwai ƙara guda mai akasin wannan, wadda ba ta fitowa sai kuloci yana ƙasa: ƙaramin boris ne da ke tsakiyar babban faifan inji.

Bari mu daɗe kaɗan a kan famfo, domin shi ne ya fi ruɗin mutane. Yana zaune cikin mai a ƙarƙashin kujera, daf da giya, har ƙwanƙwasarsa takan yi kama da ta giya. In hannuwan garma sun kai sama ƙarshe amma famfo bai daina turawa ba, za a ji tsuwa mai kaifi, mai kuma ya yi zafi da sauri. A sauko da sandar ɗagawa kaɗan. In tsuwar ta tsaya, saiti ne ya goce, ba a bukatar raba tarakta. In kuma an ɗaga garma mai nauyi ana jin ƙwas, ƙwas, garma tana ɗan zabura, mai ne yake zurarewa ta ciki, famfo yana ta cikowa.

A wannan gwaji na firi kaɗai, mutum na biyu yana iya ɗaukar doguwar sukudireba ko busasshiyar sanda, ya ɗora baki ɗaya a jikin ƙarfe, ɗayan a ƙashin bayan kunnensa. Zai yi mamakin yadda ƙarar take fitowa sarai. Ya gwada wuri uku ko huɗu, inda ta fi ƙarfi nan ne kusa da ciwon. Ya tuɓe babbar riga tukuna, kada ya kusanci fanka ko sandar baya.

Sauran gwaji ɗaya a tsaye, wannan kuwa kowa ya ja da baya. Gajeruwar sanda ta zauna a S. Direba ya taka kuloci, ya sa doguwar sanda a ta ɗaya, ya saki a hankali. Giyabos zai juya duka, amma tarakta ba za ta motsa ba, gama an yanke hanyar zuwa aksil. Ya gwada ta biyu, ta uku, da ribas. Duk abin da aka ji a nan na giyabos ne, aksil ba ya ciki. In giya ɗaya kaɗai take ƙwanƙwasa, ta rasa haƙori. Sai dai ku lura, a nan giya ba ta ɗauke da kaya, wani ciwon kuma ba ya magana sai an ɗora masa nauyi.

Gwaji a tafe

A cire duwatsu, a sami hanya mai daidai. Tambaya ta fari ita ce, ƙarar tana bin gudun inji ne ko gudun taya? A tafi da giya ta ɗaya, sa'an nan ta uku, totur a wuri ɗaya. In muryarta ba ta canza ba, tana gaba, wajen inji ko famfo ko bakin giyabos. In ta ƙaru da gudun tafiya, tana baya. In ana jinta a giyoyin ƙarfi duka amma babu a na gudu, ƙaramin gidan giyan nan na gajeruwar sanda ne.

In ƙwanƙwasa ce mai zuwa a kai a kai, ga wata dabara da muke so ƙwarai. A ja layi da alli a gefen tayar baya. Direba ya tafi a giya mafi sanyi, wani kuma yana tafe a gefe, nesa kaɗan, yana ƙirga ƙwanƙwasa nawa ake ji kafin layin ya zagayo. A 135 ƙaramar giyar aksil haƙora 6 gare ta, babban faranti 37. Wato tana juyawa sau shida da ɗan ƙari kafin taya ta juya sau ɗaya. In an ƙirga wajen shida, ƙaramar giyar ce ta guntule. In ɗaya ce tak a kowane zagaye, abin yana juyawa tare da taya ne: noti, ko tsagewar rim, ko birki, ko boris na bakin aksil, ko haƙori ɗaya na babban faranti. In ta fi ƙirguwa don sauri, a koma giyabos.

Kuka mai kauri kamar na iska, wanda yake ƙaruwa in an ba da wuta ya canza murya in an ɗauke, yakan nuna boris ɗin ƙaramar giyar aksil ya saki, haƙora ba su haɗuwa daidai. Ƙarar da ba ta fitowa sai a kwana, ƙananan giyoyin da ke raba ƙarfi ga tayoyi ne. Amma kafin a zarge su a duba fedar da ke kulle tayoyi biyu, ko ta maƙale ba ta dawo ba. Bayan rabin sa'a na tafiya a tsaya, a kashe inji, a taɓa bakin aksil na dama da na hagu. Wanda ya fi zafi, ko boris ne ko birki yana kamawa. A ɗaga wannan tayar da jak, a tokare da katako mai kauri, ba bulo ba, a kama ta sama da ƙasa a girgiza, a juya ta da hannu ana jin ko tana gurza. Inji a kashe yake duk lokacin nan. Masu 165 da 175 su tuna nasu suna da wani ƙaramin gidan giya a ƙarshen kowane aksil, da nasa mai dabam, wanda sau da yawa ba mai tunawa da shi.

Kada wani ya ce zai gwada ta a gangare yana take da kuloci domin ya ji da kyau. In giya tana ciki, musamman ta ƙarfi, tayoyi za su juya farantin kuloci fiye da ƙima har ya iya tarwatsewa a tsakanin ƙafafun direba.

Gurzar da ake ji lokacin sa giya kuwa zancenta dabam ne. Wannan giyabos ba a yi shi domin a canza giya ana tafiya ba. A tsaya cik, a taka kuloci, a ɗan jira, sa'an nan a sa. In an yi haka duka tana gurza, kuloci ne ba ya saki sosai, a fara da saitinsa.

Abin da kwamiti zai yanke

Siririn kuka wanda bai canza ba, mai kuma ya fito da tsabta, ana iya gama damina da shi, ana duba mai kowane mako. Boris ɗin kuloci da ya fara shuu yakan ba da ɗan lokaci, in direba ya ɗauke ƙafarsa. Amma in an sami gutsuren haƙori, ko ana jin ƙwanƙwasa daga ciki, ko giya tana fita da kanta, ko ƙarar tana ƙaruwa daga mako zuwa mako, a ajiye tarakta ran nan, ko da layin masu jiran huɗa ya kai ina. Mun san wannan magana tana da nauyi a watan shuka. Amma gutsuren ƙarfe yana yawo cikin mai ɗaya da famfo da aksil. In ya faɗa tsakanin haƙora biyu masu aiki, yana iya fasa gidan giyan kansa, gyaran da zai ci giya ɗaya ya koma neman rabin tarakta. Gara a yi hayar shanu mako biyu.

In ya zama tilas a raba ta, a yi aikin gaba ɗaya. Kuɗin boris kaɗan ne, wahalar rabawa ita ce mai tsada. Saboda haka in an buɗe domin boris ɗin kuloci, a duba farantan kuloci, da ƙaramin boris na faifan inji, da robobin da ke tare mai gaba da baya. Ƙaramar giyar aksil da babban faranti tare ake canza su, ba a aura sabuwa da tsoho. Wanda za a aika kasuwa, ko Panteka ta Kaduna ko wani wuri, ya tafi da tsohon abin a hannu, da lambar da ke jikin boris, da lambar tarakta. Ya ƙirga haƙora a gaban mai shago. Mutum biyu na ƙungiya su tsaya sa'ad da bakanike yake buɗewa, su gaya masa abin da gwaji ya nuna, su ba shi gwangwanin nan, tsofaffin kaya kuma su dawo hannun ma'aji.

Akwai wani abu da ya rage gare mu 'yan kwamiti. Direba shi ne yake fara jin sabuwar ƙara, amma in ya san za a yanke masa albashi ko a kunyata shi a gaban taro, zai yi shiru, ya ƙara totur. A gaya masa a fili ba za a kama shi da laifi don ya kawo rahoto ba. Mu ma mu dubi abin da muke ɗora wa tarakta. Tirela cike da yashi ko bulo fiye da ƙarfinta, da fizgar kututture da sarƙa, su ne manyan masu karya haƙori, sau da yawa kuma ba direba ne ya ba da umarnin ba. Magatakarda ya ajiye ƙaramin littafi, a rubuta ranar da aka fara jin ƙara, da awa nawa agogon tarakta ya nuna, da ranar da aka canza mai. Gwaje-gwajen nan kuma a sa musu rana cikin Fabrairu ko Maris, bayan an gama jigilar amfanin gona, sa'ad da bakanike yake da sarari, da sauran wata biyu ko uku na neman kaya kafin ruwan fari.